Tsutsar da Baffa ke murjewa a gonar wake

Wannan abu a gonarmu ya faru daminar bara, can bayan Shika in ka miƙi hanyar Giwa ka saki kwalta ka gangara. Gonar gado ce, tunda mahaifinmu ya rasu Baffa ke riƙe da ita, ni kuma Asabar da Lahadi nake leƙawa saboda aiki. Ba wata babba bace, eka biyu ce da ɗan ɗori, amma Allah yayi ta kashi biyu. Akwai tudu wanda ke kallon hanya, fili ne fetal ko inuwar da zaka ajiye gorar ruwa babu, sai kuma gangare da ya sauka wajen wani ɗan kwari, shi yana da shingen bini-da-zugu tun na zamanin kakanmu, ga tumfafiya jefi-jefi, ga darbejiya biyu, sannan gonar dawar maƙwabcinmu ta jingina dashi. Wake muka zuba duka ɓangarorin biyu, iri ɗaya, rana ɗaya, kuma hannu ɗaya ne yayi musu noman fari.

Sati uku da shuka sai ruwa ya ɗauke. A Zariya ba kasafai Agusta ke mana haka ba, amma sai da muka kwashe kwanaki masu yawa ba ko yayyafi, rana na buɗewa kamar ta bazara. Duk wanda ya taɓa noma wake yasan abinda ke biyo bayan irin wannan, wato darɓa. Wasu suna ce mata kwarkwatar wake, kuma sunan ya dace da ita, ƙananan ƙwari ne baƙaƙe masu taushi da zasu cunkushe a kan toho da ƙarƙashin sabon ganye har baka ganin kore, suna tsotse ruwan jikin shukar, ganyen ya nannaɗe ya ƙanƙance, in ka taɓa hannunka yayi danƙo kamar ka taɓa robar zuma, tururuwa kuma sai hawa da sauka take a jikin karan kamar ranar kasuwa.

Baffa baya wasa da darɓa, kuma bana ganin laifinsa. Yana ɗan saurayi akayi annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta cinye kusan hekta dubu 700 ta gyaɗa a Arewa, ya gani da idonsa yadda gonar mahaifinsu ta tsuke ta koma rawaya ba'a cire ko irin shuka ba. To wannan darɓar dake kan wake ita ce dai mai ɗaukar cutar kuturtar daga gyaɗa zuwa gyaɗa, Aphis craccivora ake ce mata a littafi, kuma a wake ma tana yaɗa cutar dake sa ganye yayi dabbare-dabbare. Mutumin da yaga wancan abu, in yaga baƙi a kan toho ba tsayawa zai yi yana dogon tunani ba. Ranar Laraba ya shiga kasuwa ya sayo magani, irin haɗin nan na saifametirin da daimetowet, mai shagon bai tambaye shi girman waken ba balle yawan ƙwarin, ya dai ce masa murfi kaza a tanki. Alhamis da safe ƙanina ya goya injin feshi ya gama da tudu kaf. Suna juyowa gangare robar famfon ta fashe, ruwan magani ya zubo masa a baya, dole aka tsaya. Mai gyara yace sai an samo robar a Sabon Gari, haka gangare ya zauna ba feshi.

Dana zo ranar Asabar na tarar da Baffa a tsugune a gangaren yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa duk sunyi baƙi. Ko gaisuwa bamu gama ba yace, "Zo ka gani ɗana, ana kukan targaɗe ga karaya ta samu. Darɓar bata ishe mu ba, ga wata tsutsa kuma ta fito."

Ya ɗaga min ganye. Wata 'yar tsutsa ce tsawonta bai kai farcen ɗan yatsa ba, baƙa mai ɗigon rawaya da fari a gadon baya, jikinta ƙurji-ƙurji, ƙafa shida a gaba, gindin ya tsuke, in ka kalle ta da kyau sak ɗan ƙaramin kada. Ba ta da kasala irin ta sauran tsutsotsi, sauri take a kan ganye. Gabana ya faɗi, don na santa tun muna karatun aikin gona a Samaru, kuma ga gawarwakinsu nan birjik a bayan Baffa, tun hantsi yake murje su.

Nace, "Baffa don Allah ku dakata. Wannan ba wake take ci ba, darɓar take ci."

Ya kalle ni yace, "Tsutsa a kan wake kace ba wake take ci ba?"

Ban ja dashi ba. Na tsinko ganye ɗaya da darɓa ta lulluɓe, na ɗora tsutsar a kai, muka koma gindin darbejiya muka zauna, ganyen na tafin hannuna. Bata ɓata lokaci ba, tana karo da ta farko ta cafke ta da baki ta ɗan ɗaga ta sama, kana ganin 'yan ƙafafun darɓar na motsi, sai cikin ya fara lotsawa yana yamushewa har ya zama ɓawo kawai, ta yar ta matsa gaba ta kama ta kusa. Kafin Baffa ya gama cin ɓarin goronsa ta gama da huɗu. Yayi shiru yana kallo, can yace "Ikon Allah." Sai na juya masa wani ganyen na nuna masa ƙwai, rawaya shar, a tsaitsaye a jere kamar an dasa su, sunkai ashirin a wuri ɗaya, dab da inda darɓa tafi yawa. Na kuma kamo masa uwar, ƙwaron nan mai zagayayyen baya kamar an kife 'yar ƙwarya, mai sheƙi da ɗigo-ɗigo, wanda duk mun taso muna wasa dashi a gona yana mana kashin rawaya mai wari a hannu. Wannan kam ya san shi sarai, abinda bai taɓa haɗawa ba shine wai wannan kyakkyawan ƙwaro shi ya haifi waccan mummunar tsutsa. Kuma ba Baffa kaɗai ba, manoma nawa ne a Bomo da Shika da Dakace suka san haka?

Malaman gona ledibad suke ce masa, danginsa kuma Coccinellidae, sunfi kala 6,000 a duniya. Rayuwarsa mataki huɗu ce. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5 a irin zafinmu, tsutsar tayi sati ɗaya zuwa biyu tana ci tana saɓa har sau uku, daga nan ta manna gindinta a ganye ta dunƙule kamar kashin tsuntsu tayi 'yan kwanaki, sai bayan ya tsage babban ƙwaro ya fito. Babba ɗaya na iya cin darɓa wajen 50 a yini, tsutsa kuwa kafin ta dunƙule ta ci ɗaruruwa. Ruwan rawayan nan da yake fitarwa ma ba kashi bane, jininsa ne yake tsatsowa ta gwiwoyi, mai ɗaci, don tsuntsu da ƙadangare su ƙyale shi, launin jikin nasa kuma tamkar sanarwa ce cewa ni ba abinci bane.

Na roƙi Baffa ya bar gangaren ba feshi ko an gyara inji. Ya daɗe yana jujjuya maganar, daga baya yace, "Kwana bakwai na baka. In waken nan ya lalace kai zaka je kayi wa Innarku bayani, ba ni ba."

Wannan satin kullum in na tashi aiki sai na hau mashin na tafi gona kafin magariba. Na kafa tsinke a gindin wasu tushe goma a gangare, goma a tudu, su nake dubawa kullum don kar ido ya yaudare ni. Na riƙa ɗaukar hoto da waya, daga baya wani malaminmu na da ya taya ni tantance su, kuma anan ne abin ya fara bani mamaki don ni a zatona kala ɗaya ce ko biyu. Wanda yafi yawa shine babban nan mai launin rawaya da ɗan ja-ja, an zana masa baƙin layi kamar raga, Cheilomenes sulphurea. Akwai ɗan'uwansa Cheilomenes lunata wanda ja yafi yawa a jikinsa. Akwai wani ɗan madaidaici fes dashi ba ɗigo, launin ruwan goro, da baƙin layi ɗaya ya raba bayansa biyu, Cheilomenes vicina, shi yafi son can saman toho. Sai wani ƙarami baƙi wuluk mai ƙyalli kamar ƙwayar tsakiya, Exochomus, wanda da ban zauna na ƙura ido ba cewa zanyi datti ne. Na ƙarshe shi yafi ruɗa ni, Scymnus, ƙwaron bai wuce ƙwayar gero ba, tsutsarsa kuma fara ce fat da gashi-gashi kamar an yafa mata auduga, duk wanda ya ganta zai rantse farin ƙwaron nan ne mai kama rogo da gwanda, alhali ita ma darɓa take ci, har tana kutsawa cikin nannaɗaɗɗen ganye inda manyan basa iya shiga. Kala biyar a ƙasa da eka ɗaya. Amfanin yawan kalar kenan a ganina, kowa da inda yake farauta, wani a sama wani a lungu, wani ya riga zuwa wani ya daɗe bai tafi ba.

Tururuwa kuwa na ga abinda take da idona, kuma har yanzu in na tuna sai naji haushi. Danƙon nan da darɓa ke fitarwa zaƙi ne, shi tururuwa ke sha, don haka kiwon darɓar take kamar yadda Bafulatani ke kiwon shanu. Naga tururuwa uku sun taru a kan tsutsa ɗaya suna cizo har ta saki ganyen ta faɗo ƙasa. Babban ƙwaro shi maƙalewa yake ya janye ƙafafu ƙarƙashin ƙoƙon bayansa su gaji su barshi, amma ƙwai da ƙananan tsutsotsi basu da wannan gatan. Tushen da tururuwa tafi yawa su suka fi daɗewa da darɓa. Sai muka bi muka farfasa gidajenta dake kan kunya da fartanya muka zuba toka a gindin waken da abin yafi tsanani.

A tudu kuma fa? Kwana biyu bayan feshi wurin tsaf, Baffa har yana nuna min, toho kore shar ba baƙi ko ɗaya. Amma in ka duba ƙasa tsakanin kunyoyi zaka ga ƙwarin masu ɗigo a kife ƙafa sama, tsutsotsinsu sun bushe a jikin ganye. Maganin baya tambayar wa ke cin wake wa ke gadinsa.

A rana ta shida gangare ya fara canzawa. Inda da baƙi ne cunkus sai ka tarar da farin ɓawo kawai da tsutsotsi suna zagaye suna neman saura, a wani tushe ɗaya na ƙirga goma sha ɗaya. Sabon tohon da ya fito bai nannaɗe ba. Kwana na takwas aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, kuma gaskiya ruwan ya taimaka sosai don ruwan sama mai duka yana kakkaɓe darɓa, ba zan ɗora komai a kan ƙwaro ba. Sai dai ruwan nan duka gonar ya sauka, bai zaɓi gangare ba. Bayan kamar sati biyu da feshin farko darɓa ta dawo tudu, kuma dawowar tafi zuwan farko muni, sai da aka sake feshi. Gangare kuwa ba'a ce babu darɓa kwata-kwata ba, tana nan tsiraru nan da can, amma bata sake yin taron da zai tsorata mutum ba har wake ya rufe kunya.

Dalilin ba ɓoyayye bane in ka san yadda kowannensu ke haihuwa. Darɓa a ƙasarmu bata buƙatar namiji kuma bata tsayawa yin ƙwai, 'ya'ya take haifa kai tsaye, duk mata, kowace kuma cikin kamar sati ɗaya ta isa haihuwa. In wuri ya cika sai ta fitar da masu fiffike iska ta kwashe su zuwa wata gona. To ka fesa magani ka kashe ɗari ka bar biyu a cikin nannaɗaɗɗen ganye, ko wasu su sauko daga gonar maƙwabci, sati ɗaya sun zama gari. Shi kuwa mai ɗigo daga ƙwai zuwa babba sai yayi kusan sati uku, kuma sai uwa ta fara zuwa ta tarar da abinci kafin ta saka ƙwan. Kenan duk feshin da kayi ka share fage ne, darɓa ta riga mai cinta dawowa, ta tarar ba kowa. Shi yasa zaka ji manomi na cewa maganin yanzu jabu ne baya aiki, wani lokacin da gaske jabun ne, amma sau da yawa maganin yayi aiki har ya wuce gona da iri.

Sai tambayar da ta fi damuna, me yasa tun farko suka fi yawa a gangare? Domin ko ranar Asabar ɗin farko dana duba gefen tudu inda feshi bai kai ba, ɗai-ɗai na gani. Amsar na jikin shinge. Tumfafiya tana da tata darɓar, wata rawaya mai baƙaƙen ƙafa da bata taɓa wake, kuma tana nan ko da rani, to ƙwarin nan a kanta suke rage zafi lokacin da gona ba komai. Dawar maƙwabci ma tana da tata a cikin kunnen ganye. In darɓa tayi ƙaranci suna lasar garin fure da ruwansa. Ga busasshen ganye a gindin bini-da-zugu inda suke fakewa. Wato gangare yana da mazauna tun kafin mu shuka, da darɓa ta sauka taku kaɗan suka yi. Tudu kuwa duk shekara sai mun share mun cinna masa wuta har gefen hanya, gonakin dake kewaye dashi ma haka, daga ina zasu zo?

Wata rana Baffa ya kira ni gefen da Inna ta zuba kabewa, yana murmushi yace, "To malam, ga mutumin naka nan yana cin ganye, me zaka ce?" Kuma gaskiyarsa. A dangin akwai ɓangare guda da ake kira Epilachna, su ganye suke ci, kabewa da kankana da guna da kokwamba, wani ma har masara da shinkafa. Gane su ba wuya in ka saba. Launinsu ruwan lemo ne da baƙin ɗigo, amma basa sheƙi, bayansu dusu-dusu yake saboda ɗan gashi mai laushi, tsutsarsu rawaya ce jiki duk ƙaya kuma bata da sauri, ganyen da suka ci zaka ga an kankare shi ya koma kamar lesi. Mafi sauƙi dai ka duba abinda ke gabansa, in darɓa ce naka ne, in kankararren ganye ne ba darɓa a kusa to ka tsince shi. Haka muka yi, da hannu, ba su da yawa.

Kada wani ya karanta wannan yaje ya rataye injin feshi yace an ce ƙwaro zai masa gadi. Wake ba ya yiwuwa haka a wurinmu. Da ya fara fure wasu maƙiyan ne ke zuwa, ƙananan ƙwarin nan dake shiga cikin fure su sa ya zube, da tsutsar Maruca mai huda fure da kwanso, da masu tsotse ƙwaya tun tana ɗanya, kuma mai ɗigo ba abinda zai iya musu na a zo a gani. Mun yi feshi sau biyu a gangare, ɗaya da fure ya fara ɗaya da kwanso ya kama, da yamma lis, muka bar shinge da kunya biyu na gefensa ba mu taɓa ba. Tudu shi sau huɗu ya sha. Ko nan ma akwai sauƙi yanzu, don cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru, wadda tun 1922 take, ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019 mai jure Maruca, ba ya hana darɓa amma yana rage yawan feshi, kuma duk feshin da aka rage rai ne aka bar wa masu cin darɓar. Haka batun cutar da darɓa ke ɗaukowa, ƙwaro baya hana ta shiga, a wake da darɓar ta soka baki na ɗan lokaci ta riga ta zuba cutar, wanda ko feshin ma bai cika riga ta ba. Maganin wannan iri mai kyau ne, a gyaɗa kuma shuka da wuri, a matse, da irin SAMNUT masu jure kuturta.

Abinda nake ja dashi shine feshin farkon nan, na tsoro, wanda ake yi da anga baƙi a toho ba tare da an juya ganye ko ɗaya ba. Shi ne mafi yawan lokaci asarar kuɗi, ga ƙanina da ya kwana biyu yana fama da ciwon kai da ƙaiƙayin baya saboda ruwan da ya zubo masa. In waken ƙarami ne sosai, darɓa ta rufe kusan kowane tushe, ka duba ba ƙwai ba tsutsa, to ba shakka a yi wani abu, ko da ruwan 'ya'yan darbejiya ne da ɗan sabulu a kan wuraren da abin yafi yawa, shi bai kai wancan kisa ba. Amma in ka juya ganye goma ka ga rawayan ƙwai a uku ko huɗu, ka basu kwana biyar mana. Mutanen Kalifoniya ta Amurka sai da suka tura mutum har Ostireliya a 1888 ya ɗauko musu wani ɗan ƙwaro daga wannan dangin don ya ceci gonakin lemonsu, kuma ya cece su. Dana ba Baffa wannan labarin cewa yayi, "Su da jirgin ruwa suka je nema, mu kuma ga shi a gindin tumfafiya muna murjewa."

Da aka zo roro bamu auna kowane ɓangare daban ba, tudu da gangare duk wuri ɗaya aka zube aka sussuke, amma a ido gangare bai gaza ba ko kaɗan, harawarsa ma tafi kyau don ganyen bai yi baƙin hayaƙin nan da danƙon darɓa ke jawowa ba. Bayan an kwashe komai, sanyi ya fara shigowa, muka je share gona. Ƙanina ya tara yayi a gindin shinge zai ƙyasta ashana kamar yadda aka saba, sai Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya sa sandarsa ya ɗan yaye busasshen ganyen dake gindin bini-da-zugu, sai ga su nan a lafe, sun kai goma, ja da rawaya, sun haɗa kai wuri ɗaya basa motsi. Ya mayar da ganyen a hankali ya rufe su, yace ma ƙanina, "Ja yayin nan can tsakiyar fili ka ƙona. Kuma in damina ta kusa ka tuna min, zamu yanko bini-da-zugu mu kafa a gefen tudu."